Gwaggo da Mai Shirin Garka

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, tsakar gidanmu na Kara-Kara bai ɗauki mutanen da suka zo ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har cikin lungu. Ni ina zaune a ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, ban san abin da nake faɗa ba. Wasu fuskokin ma ban taɓa ganinsu ba. Akwai mata biyu daga cikin masu garka a bakin tafki, da laka a ƙafafunsu, suka durƙusa suka ce, "Allah ya jiƙan tsohuwa, ta tsare mana 'ya'ya." Ban tambaye su yadda aka yi ba, don na sani.

Mai salatin unguwarmu, wadda ke kasa kayan miya a bakin titi, ita ce ta fi kowa kuka. Da ta share ido sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yanzu in abu ya faru, gidan wa za mu ruga?" Matar liman ta so ta sassauta zaman, ta nuna akwatin telbijin ta ce, "Tele dai ta huta, ba mai yi mata gardama kuma." Aka ɗan yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Maigidana yana waje wurin maza. An ce mini duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya sunkuyar da kai kawai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoro. Kwana uku da rasuwarta na so in tuna yadda take kiran sunana daga bayan gida, muryar ta ƙi zuwa mini sai da ƙyar. Na ce in murya za ta tafi cikin kwana uku, to sauran ma tafiya za su yi.

Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni a Hamdara bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta kai ni lekol, makarantar boko, ta tsaya a bakin taga har aka rubuta ni. Ba ta haihu ba, kuma tun da mijinta ya rasu ba ta sake aure ba. Garkarta ce duk duniyarta: rijiya ɗaya, shingen ƙaya, albasa da tomati da yakuwa, da bishiyar lemo guda da take yi wa magana kamar mutum. Da gwiwoyinta suka gaza jan guga, maigidana da kansa ya je ya ɗauko ta, ta zauna da mu a Damagaram.

Muna yara tsoronta muke ji, ba mu gane ita ma tsoro take ji ba. Na ga ta kashe kububuwa da hauya tana ci gaba da hira. Amma in ta ga kwalba marar takarda a gefen hanya, sai ta ja da baya ta kauce mata. Ba ta cin ganye sai ta sansana shi. Salati sau uku take wankewa, ta zubar da ruwan nesa da kaji. In aka kawo shu, wato kabeji, daga kasuwa ta ga babu ramin tsutsa ko ɗaya a jikinsa, sai ta ture ta ce, "Abin da tsutsa ta ƙi, ni ba zan ci ba." Wata rana na ɗebo ruwa a wani ƙaramin bido, 'yar jarka, da na tsinta a bayan shingen maƙwabta. Ta fizge shi ta mare ni, marin da ba ta taɓa yi mini irinsa ba, sannan ta rungume ni tana sansana bakina tana tambaya, "Kin sha? Faɗa mini gaskiya, kin sha?" Ban sha ba. Duk da haka ba ta bar ni na matsa daga gefenta ba ranar. Mu dai mun ɗauka hali ne irin na tsofaffi.

Akwai wani shiri na noman garka da ake nunawa a tele ranar Lahadi bayan la'asar. In an yi sa'a akwai kuran, wato wutar lantarki, gidanmu ake taruwa, don maigidana yana fito da telen ƙarƙashin rumfa. Da farko wani dattijo ne ke gabatarwa, mai malfa, yana magana a hankali yana murza ƙasa a tafin hannu. Kowa na son sa, sai dai rabin masu kallo gyangyaɗi suke yi. Daga baya aka kawo wani saurayi da ya yi karatun noma, farar riga a goge, agogo na ƙyalli, yana haɗa Hausa da Faransanci yana sauri kamar ana korarsa. Tun daga nan rumfarmu ta rabu.

Matar liman tana bayan saurayin. Ta ce shi ne ya koya mata shuka tomati a buhu da tsohuwar taya, ita da ba ta da ko taku biyar na fili. Mai salati ta ce, "Ku dubi farcensa. Wannan bai taɓa jan guga ba, sauron bakin rijiya bai san jininsa ba." Ƙanwar maigidana, wadda ke zaune da mu a lokacin, ba ruwanta da shuka, takalminsa take kallo da yadda yake gyara gemu. Maigidana kuwa, mutumin biro ne, ma'aikacin ofis, da bai taɓa riƙe hauya ba sai da ya kusa barin aiki, kaye, littafin rubutu, ya saya musamman, duk abin da saurayin ya faɗa sai ya rubuta. A haka ya mayar da kangon bayan gidanmu garka, ya shuka shu da tomati da tattasai, ya fi son wurin da ɗakinsa.

Gwaggo takan zauna a gefe, ta ba telen rabin baya, tana tsinke zogale a faranti kamar ba ta ji. Amma in saurayin ya yi sallama ita ce ta farko da ke amsawa. Daga nan sai gardama. Ya ce a ba albasa ruwa kullum, ta ce, "Ƙarya ne, ɗan nan, ruɓewa za ta yi." Ya ce a dasa da rana, ta ce, "Kai za a dasa da rana." In kuma ya faɗi daidai, ba ta yarda daga littafi ya samo ba, sai ta ce, "To, wannan a bakin kakarsa ya ji." Mukan ce mata, "Gwaggo, ba ya jin ki." Ta ce, "Ku ai kuna ji."

Wata Lahadi, cikin zafin bazara, shirin ya zo kan tsutsar shu. Saurayin ya fito da kwalbar magani, ya zuba a murfi, ya juye a tankin feshi, ya goya a baya yana fesawa yana murmushi. Ƙanwar maigidana da mai salati suna ta musu kan agogonsa, ko na gaske ne ko na bakin tasha. Na waiga don in ji me Gwaggo za ta ce, sai na ga ta ajiye faranti. Idonta na kan hannunsa, leɓenta na motsi, zogalen ya zube a zaninta ba ta sani ba.

Washegari maigidana ya dawo daga kasuwa da magani a cikin wata kwalbar ruwan sha, ba takarda ba suna, mai sayarwa ya ɗiba masa daga babban bido. Tsakanin Gwaggo da shi akwai kunya irin ta suruka: ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "maigidan nan". Ranar ta ajiye kunyar. Ta tare shi a bakin rumfa.

Ta ce, "Maigidan nan, don Allah mayar da abin nan. In tsutsa ce, zan jiƙa maka 'ya'yan dogonyaro da sabulu, zan tsince ta da hannuna."

Ya ce, "Gwaggo, kin ga shukar? Ta zama raga. Wata uku ina wahala."

"Shu ne. A sake shuka wani."

Ya yi dariya, ba ta raini ba, amma dariya ce. Ya ce, "Zamani ya canza, Gwaggo. Masu ilimi sun nuna a tele, kowa ya gani."

Ta ce, "Zamani ya canza, abin da ke cikin kwalbar nan bai canza ba."

Ya ga mata sun fara leƙowa, abin ya taɓa shi. Ya ce gidansa ne, garkarsa ce, ya wuce. Ni ma, Allah ya yafe mini, bayansa na bi. Na shiga ɗakinta na ce ta daina ba mu kunya a gaban maƙwabta. Ta dube ni ta ce, "To." Kwana huɗu ba ta fito rumfa ba. Daga baya na gane ta bincike gidan kaf tana neman kwalbar, shi kuma ya ɓoye ta a aljihun moto, babur ɗinsa.

Ranar Asabar da hantsi ya yi feshin. Ya bari sai da ta shiga wanka. Singileti ne a jikinsa da gajeren wando, ba takalmi, ga iska tana kaɗowa ta gabansa, tankin da ya aro kuma yana ɗiga a bayansa. Kafin azahar ya shigo ya ce kansa na sara. Ya zauna a tabarma, ya ce in rage hasken, alhali a inuwa muke. Sai amai. Sai gumi ya keto masa kamar an watsa masa ruwa, yawu na zuba daga bakinsa ya kasa haɗiyewa, naman cinyarsa na rawa shi kaɗai. Numfashinsa ya koma wani irin kurkur a ƙirji. Na kira sunansa, ya dube ni, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama kamar kan allura.

Na tsaya. Wannan ita ce gaskiya, tsayawa na yi da buta a hannu, ƙafafuna suka ƙi motsi. Kukan ƙanwarsa ya tara maƙwabta. Wata ta rugo da ƙwaryar nono, wata ta ce a ɗura masa man gyaɗa, har an tallafo kansa an kai ƙwaryar bakinsa.

Gwaggo ta fito da sandarta. Matar da ke ɗaukar lokaci kafin ta tsallaka tsakar gida, ban ga tahowarta ba, sai ƙarar ƙwaryar na ji a ƙasa, nono ya watsu. Ta ce, "Kada wanda ya sa masa komai a baki. Ke, cire masa rigar nan. Ke, sabulu. A kawo ruwa, duk ruwan gidan nan." Ta ga na kasa, sai ta zura hannuwanta a leda ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata marasa lafiya, ta yaga singiletin da kanta. Ta wanke surukinta da sabulu tun daga gashi har tafin ƙafa, a gaban mutane, tana juya shi a gefe don kada yawu ya shaƙe shi. Ta sa aka kira maƙwabcinmu mai mota. Ta sa aka nemo kwalbar aka ƙulle a leda biyu. Ta ce, "A tafi da ita, a nuna musu a likita."

A mota kansa na kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai in ji numfashin ya tsaya, in jira, ya dawo. Ban taɓa sanin hanyar likita, wato asibiti, na da tsawo haka ba. Da muka isa, majo, babban ma'aikacin jinya, ya sansana kwalbar daga nesa, ya duba idonsa, ya tambaya ko an ba shi wani abu ya sha. Na ce a'a. Ya tambaya wa ya wanke shi. Na nuna Gwaggo. Ya tura gadon ciki aka rufe ƙofa.

Muka zauna a baranda, rana ta karkata, zaninta jiƙe da ruwan sabulu. A nan ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya mini ba duk zaman da muka yi. Ni na taso da sanin cewa mijinta ciwon ciki ya yi.

Ta ce, "Wake ya shuka shekarar. Aka kawo magani, ya fesa da safe. Haka ya shigo, yadda mijinki ya shigo. Aka ce nono, na ba shi nono da hannuna. Aka ce a bari ya amayar, na bari. Rigar na jikinsa, ban cire ba, ban sani ba. Sai la'asar muka ɗora shi a amalanke. Ba mu kai Mirya ba." Ta dubi ƙofar. "A likitar can wata ma'aikaciya ta gaya mini abin da ya kamata in yi. Ba don ta ɓata mini rai ba. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Tun ranar nake maimaita shi a zuciyata, kullum, kada in manta."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa masa haka ba ran nan?"

Ta ce, "Na buɗe baki, ya ƙi fita."

Kwana biyu ba mu san ko zai tashi ba. A na uku ya buɗe ido ya nemi ruwa. Da aka sallame shi ya shigo gida, bai wuce ɗakinsa ba, ya durƙusa a ƙofarta. Ita kuwa kunyar ta dawo mata sabuwa, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce daga ciki, "A ce wa maigidan nan ya je ya kwanta."

Lahadin da ta biyo, rumfa ta cika, amma ba don kallo ba. Kowa zagin saurayin tele yake. Mai salati ta ce dama ta faɗa. Matar liman, mai kare shi kullum, ta ce ta zubar da buhunan tomatinta. Ni na ce ba za a sake kunna shirin nan a gidana ba. Sai Gwaggo ta ce, "Ya faɗa."

Muka juyo.

Ta ce, "Ya ce a rufe hanci, a rufe hannu, kada a fesa cikin iska. Da bakinsa ya faɗa. Rabi da Nasaranci, da gudu, kuna ta musun agogo. Ni na tsinci abin da na tsinta don kunnena na wurin. Laifinsa ɗaya: bakinsa ya ce a rufe, hannunsa a buɗe. Mutane kuwa hannu suke kallo." Sannan ta ce, "Ba a ƙarshen shirin ake kira ba? A kira mini shi."

Gwaggo ba ta son telefon. In aka kira ta daga Hamdara, nesa da kunne take riƙe shi kamar zai cije ta. Maigidana ya kwafi lambar daga kayensa, ya yi ta kira, layi a cike, har muka fid da rai. Sai ga shi ta shiga, muka ji ƙarar a cikin telen kanta. Ya miƙa mata. Na riƙe gwiwar hannunta. Saurayin ya ce, "Muna sauraro, wa ke magana, daga ina?" Shiru. Na ce shi ke nan, yau ma ya ƙi fita.

Sai ta ce, "Ɗana, tsohuwa ce daga Damagaram. Ina kallonka kullum, ina yi maka gardama ba ka ji."

Ya yi dariya ya ce, "Ina jin ki yau, Iya."

Ta ce, "Ran nan ka fesa magani hannunka tsirara. Surukina ya gani ya yi yadda ka yi, jiya aka sallamo shi daga likita. Mijina ma haka, shi bai dawo ba. Ba zaginka na kira in yi ba. Mutanen da ke kallonka ba su da karatu, abin da hannunka ya yi shi za su yi. Ka rufe hannunka. Ka faɗa da Hausa, a hankali. Ka gaya musu nono ba magani ba ne, a cire riga, a wanke da sabulu, a ruga likita da kwalbar. Shi ke nan."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya tsaya yana kallonmu ta cikin gilashi, har na zaci kuran ne ya ɗauke hoton. Sannan ya ce, "Iya, na ji. Allah ya jiƙan mijinki. Ki yafe mini." Ta miƙa wa maigidana telefon, ta tashi ta shiga ɗaki. Na bi ta, na tarar ta zauna a bakin gado ta haɗa kai da gwiwa.

Mako na gaba saurayin ya fito da doguwar riga, da safar roba har gwiwar hannu, da ƙyalle a hanci. Rabin shirin a kan wannan ya ƙare, da Hausa tsantsa, ya maimaita sau biyu. Rumfa ta sake rabuwa kamar yadda ta saba. Ƙanwar maigidana ta ce an ɓata masa kwalliya. Mai salati ta ce a zafin Damagaram ba mai iya wannan shiga, za a suma kafin a gama layi ɗaya. Matar liman ta koma neman buhuna. Muka jira hukuncin Gwaggo. Ta tsinke zogalenta ta ce, "Albasar dai har yanzu bai iya ba."

Shekaru uku ta ƙara bayan wannan. Labarin kiran ya zaga unguwa, mutane suka fara zuwa wurinta: mai ciwon kai bayan feshi, mai son sanin kwana nawa za a jira kafin a tsinki salati. Ba ta zama jaruma ba. Duk wanda ya shigo da gudu, sai na ga jinin fuskarta ya janye kafin ya buɗe baki. Sai ta ɗauki wata al'ada: duk kwalbar magani da ta ƙare a unguwa, a kawo mata, kada wani ya zuba mai ko ruwa a ciki. Tana da wata doguwar ƙusa da dutse. Ta huda kwalbar ta ko'ina, ta sa a haƙa rami mai zurfi a can ƙarshen kango, nesa da rijiya, a binne.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba, kwana tara ne. Ba ta ji tsoron mutuwa ba, ni na ji. Na yi ta tambayarta abubuwa ina rubutawa, yawan dogonyaron da ake jiƙawa, lokacin dashen albasa, har ta gaji ta ce, "Bar ni in yi salati, ke." Ta cika da hantsin Laraba, kanta a kafaɗata.

Jiya, bayan an yi addu'ar bakwai an naɗe tabarmi, mai salati ta shigo da wani abu ƙulle a leda, ta tsaya a tsakar gida tana dube-dube. Ta ce, "Kwalbar maganin ɗan'uwana ce, ta ƙare. Na fito da ita sai a hanya na tuna." Ta juya za ta koma da ita.

Na ce, "Kawo."

Warin ya bugi hancina ta cikin ledar, na ji ƙafafuna za su sake yi mini abin da suka yi ranar Asabar ɗin nan. Na zura hannuna a leda. Ƙusar na inda take ajiye ta, a saman katanga, da dutsen a gefe. Bugun farko na kuskure, na biyu ma. Maigidana ya fito, ya ɗauki shebur ya nufi ƙarshen kango. A na uku ƙusar ta shiga.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya cire mata tsoron da ta ɗauka shekara da shekaru ita kaɗai, ya kwantar da ita cikin aminci. Wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'a.